Tsatsa a ɗakin inji: yadda ake farfaɗo da tsohuwar Peugeot 504 a Kano

A lungunan cikin birnin Kano, daga Gwammaja zuwa Mandawari, ba wuya mutum ya ci karo da tsohuwar Peugeot 504 a ƙofar gida, an lulluɓe ta da tamfol, tayoyinta sun sace. Sau da yawa motar gado ce, magada ba su sayar ba, ba su kuma gyara ba. Wanda ya ƙuduri aniyar tayar da irin wannan mota, kafin ya yi zancen kujeru ko ƙyallin jiki, wajibi ne ya fara ɗaga bonet ya duba ɗakin inji, domin a nan ake gane ko motar za ta karɓi gyara ko kuwa asarar kuɗi za a yi.

An fito da 504 a Faransa a 1968, ta kuma lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 aka buɗe masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna, inda aka ci gaba da haɗa ta har zuwa 2006, bayan an daɗe da daina yin ta a ƙasarta ta asali. A zamanin mulkin Janar Obasanjo ta zama motar manyan ma'aikatan gwamnati, daga nan ta shiga tasha, ta shiga gidajen 'yan kasuwa, har Bahaushe ya raɗa mata suna Fijo. Wannan dogon zama shi ya sa har yau ana iya neman kayanta a kasuwar Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, kuma akwai dattawan makanikai da suka san ta ciki da bai.

Inda tsatsar take fitowa

Tsatsa tana samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska. Gishiri da asid suna hanzarta ta. Kuma da yake ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta kumbura ta ɗaga fenti daga ƙasa. Ƙurajen da ake gani a jikin fenti alama ce ta cewa ɓarnar ta riga ta yi nisa.

Motocin da ake shigowa da su daga Turai da Amurka kan zo da tsatsa a ƙarƙashi saboda gishirin da ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara. Motar da ta tsufa a Kano ba ta san wannan ba, abokan gabanta daban ne. Na farko ruwan batir, wanda ke tsiyaya ya cinye mazaunin batir da abin da ke ƙarƙashinsa. Na biyu man birki, wanda ke narkar da fenti duk inda ya ɗiga. Sai ruwan lagireto da ke ambaliya idan inji ya yi zafi, musamman da yake yawancin direbobi ruwan rijiya ko na famfo suke zubawa. Sai ƙurar hunturu, wadda ke cakuɗewa da baƙin mai ta toshe ƙofofin da ruwa ke bi ya fita, ta yadda idan damina ta kankama a watan Agusta ruwan zai kwanta a kusurwoyi. Shi ma tamfol ɗin da ake rufe mota da shi yana tara gumi, ya hana ta bushewa.

Akwai wuri ɗaya da bai kamata a yi sakaci da shi ba. A 504 ƙirar salun, jikin motar ne da kansa yake ɗaukar nauyi, kuma kawunan shokazoban gaba a cikin ɗakin inji suke ɗaure, dama da hagu. Idan tsatsa ta ci wajen, ko ta ci dogayen ƙarafunan da inji ke zaune a kai, magana ta wuce ta ado, ta koma ta rai. A sa sukudireba a danna: in ya nutse, yankewa za a yi, mai walda ya sa sabon ƙarfe mai kaurin na asali. Cike irin wannan rami da bodi-fila ha'inci ne, ko da mai motar ne ya nema don a rage masa kuɗi.

Sauke inji da wanki

Ana iya fesa fenti inji yana ciki, kuma da yawa haka suke yi, amma aikin ba ya daɗewa, don bindigar feshi ba ta isa inda tsatsar take. Aikin ƙwarai sai an sauke inji, an cire lagireto da batir da tukunyar birki da wayarin. A fara kwance kan batir na negatif. Kafin a taɓa komai a ɗauki hotuna da waya ta kowane ɓangare, a liƙa wa kowace waya takarda, a zuba notina a leda ana rubuta inda aka ciro su. Tsohuwar waya takan bushe ta yi tauri, lanƙwasa ɗaya sai ta karye.

Daga nan sai wanki. Kalanzir yana narkar da tsohon giris, amma shi ma yana barin maiƙo, saboda haka dole a bi shi da ruwan sabulu mai ɗumi, a ɗauraye, a busar. Kada a yi wankin da fetur. Gareji ba ya rasa mai walda a kusa. Wajen batir kuwa a jiƙa shi da ruwan hodar bikabonet har sai kumfa ta daina tashi. Wasu kan yi amfani da kanwa, kuma tana kashe kaifin asid, sai dai tana ɗauke da wasu gishirai, don haka tana bukatar ɗauraya sosai.

Kankare tsatsa

Burushin waya da samfefa su ne jigon aikin. Ana farawa da samfefa mai kaushi, lamba 80, a koma 180, a ƙarasa da 320 kafin fenti. Giranda tana sauri, amma tana cin ƙarfe, kuma a hannun yaron gareji mai gaggawa takan mayar da lafiyayyen faranti kamar takarda. Burushin da ake ɗaura wa inji yakan goge saman tsatsa ta yi sheƙi, mai kallo ya zaci ta fita alhali tana nan a cikin ƙananan ramuka.

Waɗannan ramukan ne ake sa wa maganin tsatsa. Mafi yawansa ana yin sa da asid ɗin fosfarik, wanda ke mayar da jar tsatsa wani baƙin ɓawo da fenti ke iya kamawa. Siririyar tsatsa kaɗai yake ci, ba ya maye gurbin kankara. Ruwan batir da asid ɗin wanke tayil kuwa, waɗanda wasu ke zubawa don ganin ƙarfe ya yi fari nan take, suna shiga gaɓoɓin walda su zauna, su ci gaba da ci bayan an rufe da fenti.

Ƙarfen da aka kankare ba ya kwana tsirara. Da damina, kafin gari ya waye ya soma ja.

Fenti

Shimfiɗar farko ita ce firaima. Jar firaima da masu ƙera ƙofofi ke shafawa tana da araha, amma a ɗakin inji, inda ake fama da zafi da mai, firaimar efoksi mai haɗi biyu ta fi riƙewa da tare ruwa. Bayan ta bushe a cike gaɓoɓin faranti da danƙon toshe gaɓa, sannan a fesa launi sau biyu ko uku, kowanne siriri, ana ba da tazarar da aka rubuta a jikin gwangwani. Fentin da ake haɗawa da hadina ya fi na tina zalla jure fetur, sai dai tururinsa yana da sinadarin da ke lahanta huhu. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare shi. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa kada a yi feshi a lungu, tsakanin gidajen jama'a. A kai motar garejin da ke da fili da iska.

Lokaci ma yana da tasiri. Laimar Agusta takan sa fenti ya dushe. Ƙurar Disamba da Janairu tana sauka a kansa tun yana ɗanye. A zafin Afrilu kuma yakan bushe a iska kafin ya kwanta, ya fito da kaushi. Ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba ya fi dacewa a Kano, da sassafe, bayan an yayyafa wa ƙasa ruwa.

Abu biyu ake yawan mantawa. Wuraren da ake ɗaure wayar negatif a jikin mota dole a bar su ƙarfe zalla, a shafa musu ɗan giris. In fenti ya rufe su, fitilu za su riƙa lumshewa, sitata ta ƙi juyawa, a yi ta zargin batir. Na biyu lambar shasi da farantin masana'anta, waɗanda a yawancin tsofaffin motoci a ɗakin inji suke. A rufe su da tef, kada giranda ta kusance su. Lambar da aka goge ko aka yi walda a kanta tana jawo tuhuma a gaban 'yan sanda da kwastam da jami'an lasisi, ko da takardun motar ba su da aibi.

Ga mai biyan kuɗin aiki, abin da ya fi shi ne ya sayi firaima da fenti da kansa a rufe, ya raba kuɗin kaya da na hannu, ya kuma shardanta cewa sai ya ga ƙarfen da idonsa bayan kankara, kafin a fesa komai. Bayan an gama a ba fentin aƙalla mako guda ya yi ƙarfi kafin a mayar da inji, a kuma shimfiɗa tsofaffin barguna a gefe da gefe saboda sarƙar ɗaga inji, a sa faifan roba a ƙarƙashin batir.