Tarihin Tsare Tirelar Tafi-da-gidanka Daga Ɓarayi a Birtaniya

Tirelar tafi-da-gidanka, wato ɗakin kwana mai tayoyi da ake ɗaurawa a bayan mota domin yawon hutu, ta kafu a Birtaniya tun shekarar 1885, lokacin da likita William Gordon Stables ya sa aka ƙera masa irinta wadda dawakai ke ja, kafin kamfanin Eccles na Bamingham ya soma ƙera waɗanda mota ke ja a 1919. Sai dai amfaninta shi ne rauninta, domin don a ja ta aka yi ta, kuma mafi yawan shekara a girke take a ƙofar gida ko a fili, babu mai kwana a ciki.

Da ƙarfe masu ita suka fara kare ta, inda suka riƙa garƙame maɗaurin da ke haɗa ta da mota, sannan suka ari marin taya, wato ƙarfen da ke cije taya ya hana ta juyawa, wanda Frank Marugg ya ƙirƙiro a birnin Denba na Amurka, 'yan sandan can kuma suka fara kama motocin masu laifi da shi a 1955.

Amma kwaɗo, komai ƙarfinsa, jinkirta ɓarawo kawai yake yi. Babban giɓin yana cikin doka, domin hukumar rajistar motoci ba ta yi wa irin wannan tirela rajista, lambar motar da ke jan ta take ɗauka, saboda haka a da wadda aka sace kan shiga kasuwa ba tare da wata shaidar da za ta tona asirin mai sayarwa ba, abin da ya cuci mai ita, ya kuma cuci mai saye da zuciya ɗaya. A 1992 ne ƙungiyar masana'antar tirela ta kafa tsarin CRiS, wanda ya ba kowace sabuwar tirela lamba mai haruffa da alƙaluma 17, aka zana ta a tagogi da jikin ƙarfen gindinta, aka kuma rubuta sunan mai ita a kundi guda. Daga baya aka ƙara ɓoye 'yar na'urar shaida a jikinta. A 1999 masu filayen ajiyar tirela suka kafa ƙungiyar CaSSOA domin auna tsaron filayensu.

Lambar CRiS ta fi kowane kwaɗo tasiri a tarihin, domin ita ce ta ba mai saye damar bincika asalin tirela kafin ya biya kuɗi.