Jarin da Ba Ya Kwana: Ƙungiyoyin Agaji da Talaucin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Wanda ya san kudancin Katsina a farkon shekarun 2000 ba zai sa Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa cikin wuraren da ake kai wa abinci ba. Daga nan abinci yake fita. Damina ta fi ta Daura da Kaita tsawo, ƙasa tana riƙe taki, kuma da kaka manyan motoci ke layi a kasuwannin Sheme da 'Yankara da Ɗandume suna lodin masara da dawa da waken suya. Yau ƙananan hukumomin uku suna cikin takwas ɗin da gwamnatin jihar ta daɗe tana kira na bakin daga, kuma ƙungiyoyin yaƙi da talauci suna waiwayarsu. Abin da wannan maƙala take son nunawa shi ne, yawancin dabarun da ƙungiyoyin suke zuwa da su an ƙera su ne don wanda bai taɓa samu ba, alhali talakan wannan yanki mutum ne da ya samu aka ƙwace, kuma wanda ya ƙwace bai yi nisa ba.

Ba yau baƙi suka fara zuwa da niyyar raya wannan karkara ba. A 1975 Bankin Duniya da gwamnati suka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa, ɗaya daga cikin ukun farko a Nijeriya tare da na Gusau da Gombe, kuma gundumomin Faskari da Ƙanƙara suna cikinsa. An yi hanyoyin karkara, an kafa cibiyoyin sayar da taki da iri, masara ta fito daga 'yar gonar bayan gida ta zama amfanin babbar gona. Masana irin su Gavin Williams da Tina Wallace sun soki irin waɗannan shirye-shirye da cewa manyan manoma ne suka fi cin gajiyarsu, kuma sukar tana da tushe. Amma da masu shirin da masu sukarsa duk sun yarda da abu guda ba tare da sun ma faɗe shi ba: abin da manomi ya noma, shi zai girbe. Gardamarsu a kan rabo take, wa ya samu taki, wa bai samu ba.

Wannan yarda ce har yanzu take ƙarƙashin dabarar da ta fi suna a duniyar agaji, wadda ƙungiyar BRAC ta Bangaladash ta fito da ita. Ana ba matalauciyar mace jari, galibi dabba, a haɗa mata da kuɗin cefane na wasu watanni, da horo, da asusun ajiya, da mai zagayowa yana duba ta. A 2015 Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu suka wallafa sakamakon gwajinta a ƙasashe 6, har da Gana da Habasha, aka ga ta yi amfani. Inda ta fi rauni shi ne Honduras, domin kajin da aka raba cuta ta kashe da yawansu. Darasin a fili yake: dabarar tana tsaye ne muddin jarin yana raye a hannun mai shi. A Honduras cuta ce. A ƙauyukan da ke bakin dajin da ya haɗa Faskari da Zamfara, ko Sabuwa da Birnin Gwari, mutane ne a kan babura. Akuya biyu a turke, a can, sanarwa ce.

A dubi yadda gida ke rushewa idan aka ɗauke mutum ɗaya daga cikinsa, domin abin yana da tsari, kusan kamar karatun allo. Da farko shanun huɗa ake kaiwa kasuwa, in ɓarayin ba su riga sun kora su ba, kuma dillali ya san mai sayarwa ba shi da bakin ciniki. Sai a fasa rumbu. Sai matan gida su fitar da kwalla da keken ɗinki da 'yan tumakinsu. A bi dangi na Zariya da Kano da Legas, a yi shela a masallaci. In kuɗin fansa bai cika ba, ko aka ƙara da sharaɗin sabon babur da katin waya, sai a jinginar da gona. Ranar da mutumin ya dawo ana murna, ana ta barka, amma gidan da ya dawo cikinsa ba shi da abin huɗa, ba iri, ba gona. Da damina ta faɗi maigidan da ke ɗaukar 'yan ƙwadago shi ne zai saɓa fartanya ya tafi gonar wani. Polly Hill, a bincikenta na Batagarawa da ya fito a 1972, ta bayyana manomin da talauci ya hana shi noman gonarsa domin dole ya yi ƙwadago a daidai lokacin da take buƙatarsa. A zamaninta gida kan ɗauki shekaru kafin ya kai wannan hali. Yanzu mako biyu sun isa.

Akwai ɓarnar da ba ta shiga rahoto. Gayya da adashi da aron iri da zakkar hatsi duk sun dogara ne a kan cewa masifa ba ta faɗa wa kowa lokaci guda. Idan gari ɗaya ya yi karo-karon fansa sau uku a shekara, ya kuma biya kuɗin da 'yan bindiga ke ɗora wa noma da girbi, wanda za a je wurinsa aro shi ma neman aro yake. Ga tsoron infoma, wanda ya sa mutum ke ɓoye samunsa ko ga maƙwabci. Ma'aikacin ƙungiya da ya zo da takarda yana rubuta sunayen waɗanda za a ba tallafi a ƙofar gidan mai unguwa, a bainar jama'a, yana ganin gaskiya da riƙon amana yake yi. Bai san wa ke tsaye a bayan taron ba.

To, sai me? Amsar da ta fi kusa ita ce kuɗi a hannu, kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Akwai hujja daga maƙwabta. Shirin da Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar da kuɗin Birtaniya a Jigawa da Zamfara, har da Tsafe mai iyaka da Faskari, ya riƙa ba mata masu juna biyu naira 3,500 a wata, daga baya 4,000, har yaro ya cika shekara 2. Binciken da aka yi a kansa ya nuna tsumburewar yara ta ragu, kuma kuɗin ya fi zama a hannun matan. Irin wannan kuɗi ba ya kuka a turke, kuma yana bin mace in ta yi gudun hijira zuwa Funtuwa.

Sai dai ban yarda a ɗauke shi maganin komai ba. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, a Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku, sai wajen ƙarshen shekara aka mayar. Tallafin da ke zuwa ta waya, a watannin nan, ina zai bi? A farkon 2023 canjin kuɗi ya zo, mai kuɗi a asusu ya kwana da yunwa. Haka nan babu mai iya rantsuwa cewa wani ɓangare na tallafin ba zai ƙare cikin karo-karon fansa ba. Ni dai ina ganin wannan ba dalilin hanawa ba ne, domin gidan da ba shi da tallafin gonarsa zai jinginar, kuɗin kuma daji ɗaya za su shiga. Abin da ya kamata ƙungiya ta auna a nan shi ne gonaki nawa suka tsira daga jingina, da gidaje nawa suka yi shuka a daminar da ta biyo bayan hari. Lissafin awakin da aka raba ba ya gaya mana komai.

Matsala ta ƙarshe ta taswira ce. Shekaru da dama tsarin agajin gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nijeriya ya ta'allaƙa ne a Borno da Yobe da Adamawa, abin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta sha kokawa a kai. Duniya ta ji sunan Ƙanƙara a Disambar 2020, da aka kwashe ɗaliban sakandaren kimiyya, aka sako 344 bayan kwana shida, daga nan kyamarori suka tafi. A Yulin 2025, shekarar da Amurka ta zaftare agajinta na ƙetare, MSF ta ce yara 652 sun rasu da tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida. Wannan adadi na waɗanda suka iso gadon asibiti ne. Ma'aikaciyar lafiya tana naɗa ɗan tef a damtsen yaro, in ya tsaya a kan ja ta rubuta sunansa, ta miƙa wa uwar ƙunshin abincin gyaɗa na mako. Kafin a kai ga tef ɗin, uwar da ke wani ƙauye a bayan Sabuwa sai ta samu kuɗin babur, ta samu ɗan acaɓan da zai yarda ya bi hanyar, ta kuma samu wanda za ta bar wa sauran yaran.