Sinadaran Hura Jakar Iska ta Mota: Nazarin Kwatanci kan Guba, Juriya da Aminci

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta sinadarai uku da masana'antar mota ta dogara da su wajen hura jakar iska, wato sodiyam azaid, amoniyam naitiret da guwanidin naitiret. An auna su ta fuskar yawan iskar da suke samarwa, gubarsu, da juriyarsu ga zafi da laima tsawon shekaru. Nazarin ya nuna cewa juriya ita ce ma'aunin da ya fi yanke hukunci, kuma ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi a lokacin da ake gudun guba.

Muhimman kalmomi: jakar iska, sodiyam azaid, amoniyam naitiret, guwanidin naitiret, Takata

1. Gabatarwa

A mafi yawan motoci, jakar iska ba ta ɗauke da ajiyayyiyar iska. Abin da ke cikin sitiyari gwangwanin ƙarfe ne cike da sinadari da aka dunƙule kamar ƙwayoyin magani. Da zarar na'urar jin karo ta aika da lantarki, sai ƙwayoyin su kama, iskar da suka fitar ta ratsa matata ta cika jakar direba mai cin kimanin lita 60 a cikin kashi 30 zuwa 50 cikin 1,000 na daƙiƙa ɗaya. John Hetrick ya sami lasisin mallakar fasahar a Amurka a 1953, kuma daga motocin 1998 dokar ƙasar ta wajabta jaka biyu a gaban kowace ƙaramar mota. Tambayar da ake son amsawa a nan ita ce: wane sinadari ne zai yi shekara 20 a ajiye bai sauya hali ba, sannan ya ƙone yadda aka tsara a ranar da aka buƙace shi?

2. Sodiyam azaid

Shi ne ya mamaye kasuwa har zuwa shekarun 1990. Idan ya yi zafi yakan rabe kamar haka: 2NaN₃ → 2Na + 3N₂. Giram 130 na samar da kusan lita 67 na naitirojin, iskar da ba ta da illa ga numfashi. Tun da tsuran sodiyam da ke saura yana da haɗari, akan haɗa azaid da fotasiyam naitiret da silika domin ragowar ta koma tokar gilas.

Matsalar tana ga sinadarin kafin ya ƙone. Gubarsa na aiki irin na sayanaid, tana hana ƙwayoyin jiki amfani da iskar shaƙa. Miligiram 27 a kowane kilo na nauyin jiki na kashe rabin ɓerayen gwaji. Idan ya haɗu da ruwa mai tsami yakan fitar da tururi mai guba, idan kuma ya taɓa dalma ko jan ƙarfe ya haifar da gishiri mai saurin fashewa. Haɗarin ya fi faɗa wa ma'aikatan masana'anta da masu farfasa tsofaffin motoci.

3. Amoniyam naitiret da darasin Takata

Kamfanin Takata na Japan ya fara komawa sinadaran tetirazol, amma saboda tsadarsu ya rungumi amoniyam naitiret wajen shekarar 2000. A takarda babu kamarsa: yana da arha, kasancewarsa takin zamani, kuma kusan duk nauyinsa ke komawa iska ba tare da toka ba.

Sai dai yana da lahani biyu. Na farko, tsarin ƙwayoyinsa na sauyawa a ma'aunin zafi 32 na Salshiyas, girmansa ya ƙaru da kusan kashi 4 cikin 100; motar da ta wuni a rana ta kwana a sanyi kuwa kullum sai ta tsallake wannan iyaka sau biyu. An rage wannan ta hanyar gauraya shi da fotasiyam naitiret. Na biyu, yana zuƙar laima, kuma haɗin bai magance wannan ba. Laimar da ta silale ta wurin liƙi kan narkar da gefen ƙwayar, ta bushe, ta sake narkewa, har cikinta ya cika da ƙananan ramuka. Ƙwayar da ta rarake tana ba wuta fili mai yawa, sai ta ƙone gaba ɗaya a lokaci guda, matsi ya fi ƙarfin gwangwanin, ya tarwatse ya watsa wa direba ɓaraguzan ƙarfe a fuska da wuya.

Honda ta fara janye motoci masu jakar Takata a 2008. A 2016 hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, ta tabbatar da cewa daɗewa, laima da hawa da saukar zafi su ne musabbabi. An janye na'urorin hura jaka kusan miliyan 67 a Amurka, inda fiye da mutum 25 suka rasu. A 2017 kamfanin Takata ya amsa laifin zamba, ya amince da biyan dala biliyan 1, sannan ya durƙushe.

4. Guwanidin naitiret

Wannan sinadari, haɗe da gishirin jan ƙarfe mai naitiret a matsayin mai rura wuta, shi ne kamfanoni irin su Autoliv da TRW suka dogara da shi, kuma da shi aka musanya na'urorin Takata masu yawa. Ba ya zuƙar laima sosai, ba ya sauya tsari a zafin da mota ke gani, kuma sai zafi ya haura 210 na Salshiyas yake narkewa. Yana fitar da naitirojin, tururin ruwa da kabon dayoksaid, jan ƙarfen kuma ya dunƙule matata ta tare shi. Gubarsa ba ta kama ƙafar ta azaid ba.

Amma yana da nasa farashin. Ya fi tsada, iskar da kowane giram ke bayarwa ba ta kai ta amoniyam naitiret ba, kuma idan ba a daidaita haɗin ba yakan fitar da kabon monoksaid da amoniya. Wasu masana'antun kan rage dogaro da sinadari ta hanyar matse iskar agon ko hiliyam a silinda, musamman a jakunkunan gefe.

5. Tattaunawa da kammalawa

Kwatancen ya nuna cewa cire guba kaɗai ba ya samar da aminci. Azaid mai guba ne amma ba ya sauya hali. Amoniyam naitiret ba shi da wannan guba amma tsufa na mayar da shi abin fashewa. Abin da aka yi ya zama gudun gara, faɗa wa zago. Saboda haka gwajin tsufa a zafi da laima ya cancanci matsayi ɗaya da gwajin guba kafin a amince da kowane sabon haɗi.

Batun ya shafi Afirka ta Yamma kai tsaye, domin motocin Honda da Toyota na hannu da ke shigowa daga Amurka ta Legas da Kwatano suna zuwa yanayin da ya fi saurin lalata amoniyam naitiret. Ana ba da shawarar hukumomin tashar jiragen ruwa su riƙa duba lambar jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17 a rumbun NHTSA kafin sakinta, a kuma hana sayar da tsofaffin na'urorin hura jaka da aka ciro daga motocin da aka janye.