Yadda Harajin Gidaje Ya Raba Makarantun Amurka

Yau sama da shekara 50 ke nan da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Rodriguez, amma har gobe majalisar jihar Texas ba ta huta da taƙaddamar kuɗin makaranta ba.

Tushen abin daɗaɗɗe ne. Tun 1647 Turawan da suka zauna a Massachusetts suka kafa dokar cewa duk garin da ya kai gida 50 sai ya ɗauki malami. Da tafiya ta yi tafiya, ya zama al'ada kowace gunduma ta riƙe makarantunta da harajin gidaje da filayenta. Da birane suka bunƙasa, masu hannu da shuni suka ware unguwanninsu, harajinsu kuma ya bi su.

A birnin San Antonio da ke jihar Texas aka fi ganin abin ƙiri-ƙiri. A watan Mayun 1968 ɗalibai wajen 400 suka fice daga azuzuwa a sakandaren Edgewood, unguwar talakawa 'yan asalin Meziko, don sun gaji da rashin kayan aiki da ƙarancin ƙwararrun malamai. Demetrio Rodriguez, wani maƙerin ƙarfe, ya shige gaban iyaye zuwa kotu. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne lissafin da aka baje a gaban alƙalai. A Edgewood ana karɓar dala 1.05 a kan kowace dala 100 ta darajar gida, amma abin da ke taruwa dala 26 ne kan kowane ɗalibi. A Alamo Heights, unguwar attajirai, santi 85 kacal ake karɓa, sai ga dala 333. Ko da aka haɗa da tallafin jiha da na tarayya, dala 356 ne a Edgewood, 594 a Alamo Heights.

Ranar 21 ga Maris 1973 alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, suka ce ilimi ba ya cikin haƙƙoƙin da tsarin mulkin tarayya ya lamunce. Mai shari'a Thurgood Marshall, ɗaya daga cikin huɗun, ya ƙi amincewa, kuma ni ina bayansa.

Masu kare tsarin kan fake da rahoton Coleman na 1966, wanda ya nuna cewa gidan da yaro ya fito ya fi kuɗin makaranta tasiri. Ban raina tarbiyyar gida ba. To amma iyayen Edgewood sun ɗora wa kansu harajin da ya fi na attajirai nauyi; wace irin kulawa kuma ake nema a wurinsu? Iyakar gunduma ce ta cuce su. In da kuɗi ba ya aiki, da attajirai ba su yi ta tada jijiyar wuya a kan nasu ba.

Sai a 1989 Kotun Ƙolin Texas ta rushe tsarin, a 1993 kuma aka yi dokar da ake wa laƙabi da Robin Hood, wadda ke yankar wani kaso daga gundumomi masu arziki. Gundumar Austin ta daɗe tana kan gaba a masu biya, ga shi kuwa azuzuwanta cike suke da 'ya'yan talakawa.