DAGA MAJIGI ZUWA MEMORI: FINAFINANMU NA ƘWARAI DA BA MU TAƁA GANI BA

Makon jiya na je gida Farfaru ta'aziyya. Bayan la'asar na tsaya rumfar wani yaro mai cajin waya da turin finafinai, na ce ya karanto mini abin da ke cikin kwamfutarsa. Indiya fassarar Hausa, na Turkiyya, na Koriya, sai masu dogon zango na Kano. Na ce yana da Shaihu Umar? Ya ce wane malami ne, wa'azi ne ko tafsiri? Na ce to Mai Martaba fa, wanda aka ɗauka nan Daura? Ya ce ya ji sunan, amma bai taɓa zuwa hannunsa ba.

Ban ga laifinsa ba wallahi. Ni kaina da na yi jami'a, sai da na haura arba'in na san rabin abin da zan faɗa a nan.

Abin da ya tayar da maganar shi ne murnar da ake ta yi cewa finafinai masu zaman kansu sun fara samun shiga gidajen silima a Najeriya. Ina nufin irin fim ɗin da mai shi ya yi don yana da abin faɗa, ba wanda ɗan kasuwa ya ba da kuɗi ya ce a sa waƙa uku da jaruma wance ba. A 2025 fim ɗin My Father's Shadow na Akinola Davies ya zama na Najeriya na farko da ya shiga jerin zaɓaɓɓun bikin Kan na Faransa, daga baya aka haska shi a silimomin ƙasar nan. Abin farin ciki ne. To amma mu nan bakin iyaka, wace silima? Tarihi ya nuna cewa ba mu taɓa rasa masu basirar yin irin waɗannan finafinai ba. Abin da muka rasa tun farko shi ne wurin da za a nuna mana su.

Hoto mai motsi ta ƙofa biyu ya shigo ƙasar Hausa.

Ƙofa ta farko majigi. Wani jami'in kiwon lafiya Bature, William Sellers, shi ya fara amfani da fim a Legas don faɗakarwa kan annoba, kuma shi ya jagoranci sashen finafinai na gwamnatin mulkin mallaka da aka kafa a 1939. Mota ce za ta zo gari da janareto, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, bayan isha'i kowa ya fito, maza da mata da yara, ba ko kwabo. Sai dai abin da ake nunawa saƙon hukuma ne: tsafta, biyan haraji, rigakafi, noman auduga irin na Baban Larai. Tsofaffinmu har yau suna ba da labarinsa. Majigi ya samu karɓuwa saboda a gaban sarki da hakimi ake yin sa, a fili, ba abin ɓoyo.

Ƙofa ta biyu silima ta kuɗi. A Kano an buɗe Rex a 1937, mallakar Kwarori 'yan kasuwa, a wajen ganuwa. Tun daga ranar farko mutanen birni suka ɗauke ta wurin 'yan iska, har ana ce wa abin dodon bango. Ranar 13 ga Mayu 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya, mutum 331 suka rasu, kuma da yawa suka ɗauki abin a matsayin ishara. Da aka gina Palace a cikin birni kusa da kasuwar Kurmi, rigima aka yi ba ƙarama ba, daga baya ma asibiti aka mai da ginin. Su kuwa masu silima, abin da ke kawo kuɗi suke sayowa: kaboyi, 'yan Sin masu faɗa, sai uwa uba Indiya.

Kun ga matsalar ke nan. Majigi na kowa ne amma bakin gwamnati ne. Silima ta 'yan kasuwa ce amma ɗan mutunci ba ya son a gan shi a ƙofarta. Fim ɗin da ɗan ƙasa ya yi da tunani, don iyali su zauna su kalli kansu, ba shi da gida a ko ɗaya.

Dubi abin da ya samu Shaihu Umar. Littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, wanda ya fito daga gasar rubutun Hausa ta 1933. A 1976 Adamu Halilu ya mai da shi fim, da Hausa tsantsa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Labarin yaro ne da aka sace, ya faɗa bauta, aka ƙetare Sahara da shi, uwarsa ta bi sawu tana nema har ƙarfinta ya ƙare. Ku faɗa mini, a ƙasar Jibiya ta yau akwai labarin da ya fi wannan kusa da zuciya? Amma fim ɗin ɓacewa ya yi. Shekara kusan 40 ana ganin ya salwanta, sai a 2016 aka gano gwangwanayensa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya. Wata cibiya a Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi, aka haska shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Wato Bajamushe ya sayi tikiti ya zauna ya kalli Shaihu Umar fes, ɗan Katsina bai gani ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Akwai Ƙasarmu Ce na Saddiq Ɓalewa na 1991, da Kulɓa Na Ɓarna na Brendan Shehu. Sun zo daidai lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya naira, sayen faifan fim daga waje ya gagari kowa. Mutum nawa cikinmu suka gan su?

Yanzu mu tsallaka iyaka, tunda daga Jibiya zuwa Maraɗi ya fi kusa da zuwa Kano. Mu nan mun saba kallon Nijar ta fuskar shinkafa, fetur da dabbobi. Kaɗan ne suka san cewa a shekarun 1960 da 1970 Nijar na sahun gaba a Afirka wajen irin wannan fim.

Wani Bafaranshe, Jean Rouch, ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanya, ya rikiɗe ya koma mai ɗaukar fim, kuma a can ya mutu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004. A Abijan ya haɗu da Oumarou Ganda, tsohon soja da ya yi wa Faransa yaƙi a Indocin, ya dawo yana dako a tashar jirgin ruwa. Ya sa shi a fim, daga nan Ganda ya karɓi kyamara da kansa. Fim ɗinsa Cabascabo, labarin sojan da ya dawo gida abokai suka cinye kuɗinsa suka watse, an nuna shi a Kan a 1969. A 1972, karo na farko da aka ba da babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu, Ganda ne ya ɗauke ta da fim ɗinsa Le Wazzou polygame, wanda ya taɓo auren dole da rikicin kishiyoyi. Najeriya da duk girmanta ba ta ɗauki wannan kyauta ba sai 2007, ta hannun Newton Aduaka. Shekara 35 tsakani.

Sai Moustapha Alassane, wanda ya yi zamansa a Tawa. Tun 1965 yake yin fim na zane mai motsi. A 1966 ya yi Le Retour d'un aventurier: saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Ku lura, shekara kusan 60 da suka wuce mutumin nan ya riga ya yi fim a kan abin da finafinan waje ke yi wa tarbiyyar yaranmu, maganar da har gobe muke yi a majalisa. Ya rasu a 2015, a 2017 gidan adana kayan fasaha na MoMA a Niyok ya ware kwanaki ana nuna ayyukansa. A Katsina fa? Shiru.

Wani zai ce ai bidiyo ya magance matsalar. Gaskiya ne, tun daga Turmin Danya a 1990 fim ɗin Hausa ya shiga ɗakunan matan aure, inda silima ba ta taɓa leƙawa ba, kuma ya samar wa dubban matasa abinci. Ba na cikin masu raina Kannywood. Amma kasuwar kaset ita ke faɗin abin da za a yi. Da Sangaya ya yi kasuwa a 1999, kowa ya koma rawa da waƙa. Fim mai tafiyar hawainiya, mai sa mutum ya kwana yana tunani, dila ba zai saya ba. Tsofaffin silimomin kuma, bayan 2000 suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wasu suka koma shaguna, wasu wuraren biki. Da gwamnatin tarayya ta zo da maganar dandalin shirya finafinai a Kano a 2016, tsohon zargin nan na zamanin dodon bango ya taso, aka fasa.

Ni ba na cewa iyayenmu da malamanmu ba su da hujja. Wanda ya san abin da ake yi a bakin wasu silimomi da dare ya san ba ƙage ba ne. Kuskuren shi ne mun haɗa ginin da abin da ke cikinsa mun yi musu kuɗin goro.

Ga shi tarihi na maimaita kansa a gabanmu. The Milkmaid na 2020, yawancinsa da Hausa, labarin 'yan mata biyu Fulani 'yan gida ɗaya da 'yan ta'adda suka sace, ya ci kyautar fim mafi kyau ta AMAA, Maryam Booth ma ta samu kyauta a cikinsa, kuma shi Najeriya ta tura gasar Oska. Mai Martaba na Prince Daniel Aboki, shi ma shi aka tura a 2024. A Damagaram, Aicha Macky ta yi Zinder a 2021 a kan matasan unguwar Kara-Kara, waɗanda in ka gan su sai ka rantse yaran bakin tasharmu ne. Duka da harshenmu, duka a kan ciwonmu. In ɗan Farfaru na son ya ga irinsu a babban allo, sai ya yi kuɗin mota zuwa Kano ko Abuja, in ma ya tarar ba a sauke ba.

To mene ne abin yi? Ba sai an gina katafaren gini mai sanyi ba. Gidajen kallon ƙwallo sun cika kowace unguwa, da allo da sola da benci, kuma ba kullum ake wasa ba. Makarantun sakandare na da ɗakunan taro. Jami'o'in Katsina da na Maraɗi na iya yin mako guda a shekara suna musayar finafinai, yadda sarakunan garuruwan biyu ke tuna cewa tushensu ɗaya. A yi da rana saboda halin tsaro, a tace abin da za a nuna, a gayyaci hakimi da liman su zauna a gaba, a biya masu fim haƙƙinsu ko kaɗan ne. Wato a dawo da mutuncin majigi, a zuba masa labarinmu a maimakon sanarwar hukuma.

An rufe iyakar nan a 2019, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Yuli 2023, amma ba ranar da fim ɗin Indiya ya kasa tsallakawa a cikin memori. Namu ne kawai ke maƙale a Balin da Niyok.

Na yi wa yaron nan alkawari in na samo Shaihu Umar ta halastacciyar hanya, a rumfarsa za mu fara kallo. Ya ce in dai akwai faɗa a ciki, zai tara mini jama'a. Na ce akwai abin da ya fi faɗa.

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.