Kuskuren bayar da magani a asibiti: abin da bincike ya nuna

Kuskure wajen bayar da magani yana daga cikin manyan hanyoyin da marasa lafiya ke cutuwa a inda suka je neman sauƙi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa irin wannan kuskure yana jawo wa duniya asarar kimanin dala miliyan dubu 42 a kowace shekara.

A watan Maris na 2017, a birnin Bonn na Jamus, hukumar ta ƙaddamar da wani shiri da nufin rage mummunar illar da za a iya kauce mata da rabi cikin shekaru biyar.

Ta ce ko da yake yawan faruwar matsalar a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi bai bambanta sosai da na ƙasashe masu arziki ba, ɓarnar da take yi wa lafiyar jama'arsu ta kai kusan ninki biyu.

Matakin ƙarshe

Kafin ƙwaya ko allura ta isa ga majiyyaci, sai ta bi ta hannaye da dama. Likita ya rubuta, a kwafe abin da ya rubuta, mai haɗa magunguna ya bayar, sannan ma'aikaciyar jinya ta miƙa ko ta yi allurar.

Ana koya wa kowace nas ta tabbatar da abubuwa biyar: majiyyacin da aka nufa, da maganin, da adadinsa, da hanyar da zai shiga jiki, da kuma lokacin da aka tsara.

Wani bincike da Dakta Lucian Leape da abokan aikinsa suka wallafa a 1995, a kan wasu manyan asibitoci biyu na Amurka, ya gano cewa kashi 39 cikin 100 na kurakuran suna faruwa ne wurin rubuta magani, kashi 38 kuma wurin bayar da shi ga majiyyaci.

Bambancin shi ne, kusan rabin kurakuran rubutu ana gano su kafin su kai ga mutum, kuma galibi ma'aikatan jinya ne ke gano su. Amma na matakin ƙarshe, kashi 2 kacal ake tarewa.

Wato nas tana duba aikin kowa, ita kuwa babu mai duba nata sai jikin majiyyaci.

Aiki bisa hujja

Abin da ake nufi da aikin jinya bisa hujja shi ne a haɗa abubuwa uku wajen yanke shawara: sakamakon ingantaccen bincike, da ƙwarewar ma'aikaci, da buƙatar majiyyaci. Ba ya isa a ce "haka muka tarar ana yi".

Da aka fara gwada tsoffin ɗabi'un asibiti da wannan ma'auni, wasu sun tsallake, wasu kuma sun ba da mamaki.

A wani bincike da aka wallafa a 2010, Farfesa Johanna Westbrook da tawagarta sun bi ma'aikatan jinya 98 a asibitoci biyu na birnin Sydney a Australiya, suna lura da yadda suka bayar da magani fiye da sau 4,000. Sun gano cewa duk katsewa guda da aka yi wa nas tana cikin aiki, ko da tambaya ce ko kiran waya, tana ƙara yiwuwar kuskure da kimanin kashi 12 cikin 100.

Asibitoci da dama sun ɗauki al'adar sanya wa mai rabon magani wata falmaran mai launi, ɗauke da rubutun da ke roƙon kada a katse ta.

Sai dai da tawagar ta gwada dabarar, a wani bincike da aka wallafa a 2017, katsewar ta ragu amma ba sosai ba, kuma ƙasa da rabin ma'aikatan ne suka goyi bayan a mayar da ita doka. Wani gwaji da aka yi a Faransa, aka wallafa a 2021, bai ga alamar cewa rigar ta rage kurakuran ba.

Haka nan batun a ce mutum biyu su duba magani kafin a bayar. A wani asibitin yara na Sydney, masu binciken sun tarar cewa a kashi 1 cikin 100 ne kawai na biyun ke yin nasa lissafin shi kaɗai. A mafi yawan lokuta ta farko ce ke faɗin abin da ke hannunta, ta biyu ta amince. Duba irin wannan bai rage kuskure ba, illa dai lokacin da ya ci.

Wannan ba ya nufin a daina dubawa. Shawarar masana ita ce a taƙaita shi ga magunguna masu haɗari, kamar insulin da masu tsinka jini da na cutar daji, a kuma yi shi da gaske.

Rawar da na'urori ke takawa

Fasahar da ta fi shahara a wannan fanni wata ma'aikaciyar jinya ce ta kawo shawararta.

A farkon shekarun 1990, Sue Kinnick, wadda ke aiki a asibitin tsoffin sojoji na Topeka a jihar Kansas, ta ga yadda wani kamfanin hayar motoci ke amfani da lambar nan mai layi-layi, irin wadda ake gani a jikin kayan kanti, wajen tantance motocinsa. Sai ta yi tunanin a gwada hakan ga magani.

Ana ɗaura wa majiyyaci wani abin hannu mai lambar. Nas za ta haska shi da na'ura, ta haska jikin maganin, kwamfuta ta kwatanta da abin da likita ya rubuta. Idan an sami saɓani, sai ta yi gargaɗi.

A 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta sanya lambar a kan yawancin magungunan da ake amfani da su a asibiti.

Binciken da aka wallafa a 2010 daga asibitin Brigham and Women's na Boston, bayan lura da rabon magani fiye da sau 14,000, ya nuna cewa kurakuran da ba na lokaci ba sun kai kashi 11.5 cikin 100 a ɗakunan da babu na'urar, da kashi 6.8 a inda ake amfani da ita.

Tun a 1998, a wannan asibitin, an gano cewa rubuta magani ta kwamfuta maimakon da hannu ya rage manyan kurakurai da kashi 55 cikin 100. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin karanta rubutun likita zai fahimci ɗaya daga cikin dalilan.

Akwai kuma na'urorin ƙarin ruwa masu ƙin amincewa da adadin da ya wuce ƙima, da akwatunan ajiyar magani masu buɗewa da kwamfuta.

Inda na'ura ke gazawa

Na'ura tana toshe wasu ƙofofi, ta kuma buɗe waɗansu.

Wani bincike na 2008 a Amurka ya lissafa hanyoyi 15 da ma'aikata ke bi su kauce wa tsarin lambar, ciki har da manna kwafinta a jikin ƙofa ko keken magani maimakon hannun majiyyaci. Yawanci ba sakaci ne dalili ba. Lambar ce ta goge, ko batir ya mutu, ko kuma gargaɗin ya yi yawa har kunne ya saba da shi.

A watan Disamba na 2017, a asibitin jami'ar Vanderbilt da ke jihar Tennessee, an umurci wata nas, RaDonda Vaught, ta bai wa wata dattijuwa mai shekaru 75 maganin kwantar da hankali mai suna Versed kafin a ɗauki hoton jikinta.

Da ba ta ga sunan a akwatin ba, sai ta tsallake matakin tsaro, ta buga haruffa biyu na farko, ta ɗauko vecuronium, maganin da ke sandarar da tsoka har numfashi ya tsaya. Ba ta lura da gargaɗin da ke kan murfin kwalbar ba, kuma babu na'urar haska lamba a sashen ɗaukar hoton. Matar ta rasu.

Vaught ta amsa kuskurenta nan take. A 2022 kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar sakaci, aka yanke mata zaman gyara hali na shekaru uku ba tare da ɗauri ba.

Ƙungiyar ma'aikatan jinya ta Amurka ta yi gargaɗin cewa hukunci irin wannan zai sa ma'aikata su riƙa ɓoye kuskure, alhali da rahotannin kuskure ne ake gyara tsari. Shawarar da masana ke bayarwa yanzu ita ce kada akwatin ya nuna magani sai an buga aƙalla haruffa biyar.

Gyaran da ba ya buƙatar lantarki

Wasu daga cikin matakan da suka fi tasiri ba su da tsada.

A 2002 hukumar kare lafiyar majiyyata ta Birtaniya ta ba da umurnin kwashe ruwan sinadarin potassium mai ƙarfi daga ɗakunan kwanciya na yau da kullum. Kwalabensa sun yi kama da na ruwan haɗa allura, kuma idan ya shiga jijiya ba a tsarma ba yana tsayar da zuciya.

Maganin cutar daji na vincristine yana kisa idan aka yi allurarsa a gadon baya maimakon jijiya, kamar yadda ya faru da wani matashi ɗan shekara 18 a Nottingham a 2001. A 2007 WHO ta ba da shawarar a daina zuba shi a sirinji, a riƙa sanya shi a ƙaramar ledar ƙarin ruwa, wadda ba a amfani da ita wajen allurar gadon baya.

Dabarar a duka biyun guda ce: a sa yin kuskuren ya yi wuya, maimakon a dogara da cewa mutumin da ya kwana yana aiki ba zai yi mantuwa ba.

Sai kuma batun yawan ma'aikata, wanda babu na'urar da ke maye gurbinsa. Binciken Farfesa Linda Aiken na 2002 a asibitoci 168 na jihar Pennsylvania ya nuna cewa duk majiyyaci guda da aka ƙara wa nas yana ƙara haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata da kashi 7 cikin 100 a cikin kwanaki 30.

Nan ne lamarin ya fi shafar ƙasashe irin Nijeriya, inda hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta ce a 2024 fiye da ma'aikata 42,000 sun bar ƙasar cikin shekaru uku.