Kaset-kaset na kiɗan lantarki a Nijar: bugun farko da kwafi, daga Yamai zuwa Adar

1. Gabatarwa

Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a shekarar 1963. A yau, a Turai da Amurka, akwai masu tara tsofaffin kaset-kaset na kiɗan lantarki, wato kiɗan da na'ura ce ke samar da sautinsa. Abin da suke nema shi ne bugun farko, da kwalinsa da hotonsa. A cikin wannan ɗan nazari za mu nuna cewa wannan ma'auni bai isa ya kama tarihin kaset a ƙasarmu ba, musamman a Adar.

2. Kaset ɗin Mamman Sani

A shekarar 1978, Mamman Sani Abdullahi ya ɗauki kiɗansa a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai. Ya yi amfani da wata na'ura mai madannai irin na piyano, ƙirar Orla ta ƙasar Italiya. An buga kaset ɗin kimanin guda 100 kawai. Duk da haka ƴan Nijar da yawa sun san wannan sauti, domin rediyo da talabijin sun daɗe suna saka shi tsakanin shirye-shirye, ba tare da masu saurare sun san sunan mai shi ba.

Bayan shekaru fiye da 30, wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ci karo da kaset ɗin a wata ma'ajiya a Yamai. Kamfaninsa, Sahel Sounds, ya sake buga shi a faifan garmaho a 2013, da sunan La Musique électronique du Niger, sannan ya fitar da Taaritt a 2014. A nan ana iya maganar bugun farko. Amma irin wannan misali ba shi da yawa.

3. Halin da aka samu a Adar

A garin Tawa da ƙauyukan arewacinsa, kamar Afala, ƴan bida da ke dawowa daga Abijan, Legas, Kano ko Libiya sun taka rawa wajen shigo da rediyo mai kaset. Kaset ɗin da ake saye a kasuwa kuwa galibi kwafi ne: mai shago ya ɗauka daga wani kaset, ya rubuta sunan makaɗin da bik. Wani kuma ya shafe waƙa ya ɗauki saƙon murya a kai, ya aika wa ɗan'uwa da ke bida. A lokacin tawayen 1990 zuwa 1995, haka waƙoƙin gita na Abdallah Oumbadougou suka yaɗu a arewa, hannu zuwa hannu, a ɓoye.

Da kaset ya ja baya, wannan tsari bai canza ba. A 2008, Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ya ɗauki kundinsa Anar a Sakkwato, cikin harshen Tamajak, da na'urar gyara murya da gangar kwamfuta irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin sun bazu ta wayoyin salula tun kafin Sahel Sounds ya buga su a 2014. Ke nan, a wannan yanki kwafi ya riga bugu fita.

4. Kammalawa

Cibiyar CELHTO, wadda aka kafa a Yamai a 1968, da cibiyar IRSH ta jami'armu, sun fi mai da hankali ga adabin baka da tarihin gargajiya. Kiɗan na'ura ya faɗa tsakani: bai shiga gargajiya ba, kuma an ɗauke shi abin nishaɗi kawai. Ga shi zafi da ƙura suna cin zaren kaset kowace shekara.

Saboda haka muna ba ɗalibanmu shawara, idan sun fita bincike a Adar, su tara kwafin kansa. Su rubuta inda aka saye shi, da hanyar da ya biyo, da abin da aka rubuta a kwalinsa, ko da boko ne, ko ajami, ko tifinag. Ga mai nazarin harshe, wannan rubutu shaida ce ta yadda jama'a ke rubuta harsunansu a wajen makaranta. A mayar da sautin cikin kwamfuta, a bar wa mai shi kaset ɗinsa, a ajiye kwafi ɗaya a Tawa, ɗaya a Yamai.